Masaukin Alfarma Da Tsakar Gidanmu

 

Wata yarinya ce daga cikin ɗalibaina a nan Auyo ta jawo maganar yau. Muna cikin darasin labarin ƙasa, ina nuna musu garuruwan bakin teku a taswira, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, wai mene ne otel mai tauraro biyar? Yayana ya nuna mini hoton wani a wayarsa, ya ce kuɗin kwana ɗaya a ciki ya isa a sayi shinkafa buhu goma." Kafin in buɗe baki sai ta kusa da ita ta ce, "Ai otel wurin 'yan iska ne. Innarmu ta ce ko ƙofarsa kada mu bi." Aji duk ya kwashe da dariya. Ni kuwa na yi shiru, don na san abin da yarinyar nan ta faɗa shi ne abin da yawancinmu muka tashi muna ji a gida.

Ba kuwa zan ce iyayenmu sun yi kuskure ba. Otel ɗin da suka fara sani shi ne na bakin tasha da na Sabon Gari, inda ake shan giya ana kiɗa har asuba. Wanda ya ga wannan, tilas ya gargaɗi 'yarsa. Amma sunan ya haɗa abu biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, kamar yadda ake ce wa kwalekwale jirgi, a ce wa na sama ma jirgi. Akwai wani irin otel wanda ba kome ba ne illa masaukin baƙi, shi nake so mu duba yau, musamman irin mai tsadar nan na tsofaffin birane da garuruwan bakin teku, inda masu hali suke zuwa hutu.

Sana'ar saukar baƙo dai ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun zamanin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, kowane zango yana da masu masauki. In ayari ya isa Salaga, ko kuwa daga baya Kumasi da Sabo ta Ibadan, akwai maigidan da zai ba falke ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. Ku lura kuwa, matan gidan ke riƙe da rabin sana'ar, gama falken da aka ba tuwo mai gudaji ba ya komawa gidan baɗi.

Batun taurari kuma, ma'auni ne kurum, daga ɗaya zuwa biyar. Ana duba girman ɗaki, da tsabta, da irin abinci, da ko akwai mai amsa kiran baƙo dare da rana. Babu wata hukuma guda ɗaya mai yi wa duniya duka wannan awo, kowace ƙasa da masu awonta, saboda haka mai biyar a wata ƙasa yana iya zama mai huɗu a wata. In kun ji an ce otel ɗin Burj Al Arab na Dubai, wanda aka buɗe a 1999, tauraro bakwai gare shi, kirari ne. Daga biyar ma'auni ya ƙare.

Kwanana Da Goggo A Kano

Sau ɗaya na taɓa kwana a irin wannan wuri. A 2023 aka yi bikin 'yar Kawuna a Kano, dangin ango suka kama wa dangin amarya ɗakuna a wani babban otel wanda ba zan faɗi sunansa ba. Aka haɗa ni ɗaki ɗaya da Goggona, tsohuwar da ba ta taɓa kwana a wani wuri ba in ba gidan dangi ba. Tun daga bakin ƙofa aka fara rigima. Wani saurayi mai kayan aiki ya rusuna ya miƙa hannu zai karɓi jakarta, ta riƙe gam ta ce, "Samari, na san ka ne?" Da ƙyar na lallashe ta. Makullin ɗaki kuma ba makulli ba ne, wani ɗan kati ne ake nuna wa ƙofa ta buɗe.

Da muka shiga, Goggo ba ta dubi talabijin ba, ba ta dubi madubi ba. Sai ta yi abin da uwar miji take yi a ɗakin amarya. Ta sa yatsa ta shafa saman ƙofa, ta duba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zanen gado ta sunsuna. Ta shiga bayi ta daɗe. Da ta fito sai ta zauna bakin gado ta ce, "'Yar nan, wace ce matar gidan nan? Lalle ta iya aiki." Da safe na ga matan gidan kuwa. Mata ne kamarmu, suna tura wani ɗan keke cike da tawul da sabulu. Ɗaya ta gaya mini sai da aka koya musu shimfiɗa gado kamar yadda ake koyon karatu, kuma in sun gama akwai babbarsu mai bi ɗaki ɗaki tana dubawa, in ta ga gashi ɗaya a bayi sai a sake.

Nan na gane abin da baƙo yake saya da kuɗinsa. Yana sayen tsabta wadda ba ta fashi, da shiru, da ruwan zafi ko da ƙarfe uku na dare, da fuska a sake daga mai yi masa hidima. Duk aikin uwargida ne, sai dai an mai da shi sana'a, an sa masa doka da albashi.

Amma mun kwashi kunya kafin mu fita. Akwai ɗan ƙaramin firji a ɗakin, da lemo da ruwa da gyaɗar yazawa a ciki. Goggo ta ɗauka abin taryar baƙo ne, ta sha, ta ci, ta kuma ɗaure sauran a gefen zane za ta kai wa jikoki. Da za mu tafi sai ga takardar kuɗi, kowane abu an rubuta shi da ninkin kuɗinsa na kasuwa. Dangin ango suka biya suna dariya, mu kuwa kamar ƙasa ta tsage mu shige. Har yau Goggo ba ta huce ba, takan ce, "Wa ya taɓa sayar wa baƙo ruwan da ya tarar a ɗaki?"

To, kada wata ta faɗa ramin da muka faɗa. Duk wadda tafiya ta kama da maigidanta, ko da iyayenta, ta tambaya tun farko ko kuɗin ɗaki ya haɗa da karin kumallo da haraji, domin sau da yawa kuɗin da aka faɗa da baki ba shi ne za a gani a takarda ba. Galibi ana ba da ɗaki ne daga ƙarfe biyu ko uku na rana, a kuma bar shi kafin sha biyu, wanda ya wuce lokaci a ƙara masa kuɗi. Abin cikin firji na sayarwa ne. In kuma an tarar da kwalaben giya a ciki, kamar yadda akan tarar a ƙasashen waje, ba laifi ba ne a kira su a ce su kwashe, aikinsu ne. 'Yan kunne da kuɗi a sa su cikin ɗan akwatin ƙarfe da ke cikin kabad. In an ƙwanƙwasa ƙofa a leƙa ta ɗan ramin da ke jikinta tukuna. Haka nan babu kunya a tambayi alƙibla, ko a tambaya ko wurin ninkaya yana da lokacin mata.

Gidajen Da Suka Fi Tsada

Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga binciken wannan magana. Da na ɗauka masaukin da ya fi daraja shi ne dogon bene mai gilashi. Ashe a tsofaffin birane ba haka abin yake ba. Abin da masu kuɗi suke rububi a kai shi ne tsohon gida.

Mu fara da ƙasar Maroko, tun da sunan birnin Fas ba baƙo ba ne a kunnenmu, gama can ne zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, mutanenmu kuwa suna zuwa ziyara. A Fas, da kuma birnin Marrakush wanda aka kafa wajen shekara ta 1070, akwai wasu gidaje da ake kira riyad, watau lambuna da Larabci. In kina tafe cikin lungu ba za ki ga kome ba sai doguwar katanga da ƙofa guda. In aka buɗe miki, sai ki bi ta wani ɗan zaure mai lanƙwasa, yadda na waje ba zai hango na ciki ba, kana ki ɓullo tsakar gida. Ɗakuna sun kewaye ta, kowane yana kallon ciki, a tsakiya ga ruwa yana ɓuɓɓugowa, ga itatuwan lemo, sama kuwa a buɗe. Bango mai kauri ne, saboda haka da rana ɗaki yakan yi sanyi, da dare ya riƙe ɗumi. Ashe ba ku ji kamar ana kwatanta muku gidan kakanku ba? Zaure, shigifa, tsakar gida, bishiya a tsakiya. Tsarin ɗaya ne, dalilin ma ɗaya ne, watau sutura da maganin zafi.

Har shafen bangon ya tuna mini da gida. Suna da wani shafe da suke kira tadalakt. Farar ƙasa ce ake kwaɓawa a shafa, sa'an nan a bi da dutse mai santsi ana gogawa, a shafe da sabulun man zaitun, har bango ya yi sheƙi ruwa ba ya kama shi. Mu kuma muna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, muna da daɓe, wanda mata suke taruwa su yi da madaɓi suna waƙa har ƙasa ta yi sulɓi kamar tangaran. Yaushe rabon da ki ga an yi daɓe a unguwarku? Su can maginin da ya iya tadalakt nemansa ake yi har daga Turai.

Tun wajen shekarun 1990 Turawa da attajiran ƙasar suka shiga sayen waɗannan gidaje suna gyarawa, suna mai da su masauki mai ɗaki biyar ko goma. Baƙo ya kwana a ɗaki mai rufin katako, ya yi kalaci a kan soro yana hangen hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77, ya sauko ya shiga kasuwa ya sayi jaka da takalmi. Af, na tuna, jar fatar nan da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce da ta Kano, wadda raƙuma suke ƙetarawa da ita Sahara. Mu muka yi jima, su suka yi suna.

Akwai kuma manya. La Mamounia, wanda aka buɗe a 1923, yana cikin wani lambu da wani sarkin ƙasar ya ba ɗansa Mamun tun ƙarni na 18, nan ne Winston Churchill na Ingila yakan sauka yana zane-zanensa. Royal Mansour kuwa, wanda aka buɗe a 2010, riyad 53 aka gina sababbi a cikinsa, kowane baƙo da gidansa sukutum. An haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa inda ma'aikata suke bi, don kada baƙo ya yi karo da mai ɗauke da tire. Ni dai wannan bai burge ni ba. Baƙon da ba ya son ganin fuskar wanda ya dafa masa abinci, wa zai yi wa sannu da aiki?

Kada kuma in ɓoye muku ɗacin abin. Da kuɗin gidaje ya hau, iyalai da yawa sun sayar sun koma sababbin unguwanni bayan gari. Gida ya tsira daga rushewa, amma jikokin wanda ya gina shi sun bar lungun.

Wata za ta ce ai wannan ƙasar Larabawa ce, ginin dutse da tayil, ina ruwansa da ginin ƙasa irin namu. To, mu dawo kusa. Birnin Agadas na ƙasar Nijar da jar ƙasa aka gina shi, Hausa kuma ake yi a kasuwarsa. Hasumiyar masallacinsa, mai tsawon mita 27, ta laka ce da itace, asalinta tun wajen 1515, aka sabunta ta a 1844. Daura da masallacin akwai gidan da ake kira fadar Kawusan, jarumin Abzinawa wanda ya yaƙi Faransawa a 1916 da 1917. Daga baya aka mai da gidan nan masauki, aka sa masa suna Hôtel de l'Aïr. Turawa sukan taso tun daga Faransa su ci abinci a babban zaurensa, su hau soro su kalli hasumiya da faɗuwar rana. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Sai dai tun daga 2007 rashin zaman lafiya ya rage baƙi ƙwarai, maƙeran azurfa da dukawa da masu raƙuma duk sun ji a jikinsu. Wannan ya nuna kasuwar baƙi kamar tsuntsu take, ƙara ɗaya ke tashinta.

Bakin Teku

A garuruwan gaɓa, iska da kallon ruwa ake sayarwa. Ɗaki biyu iri ɗaya, mai kallon teku ya fi mai kallon titi kuɗi. A Legas akwai Federal Palace a kan titin Ahmadu Bello, wanda aka buɗe a 1960, shekarar da muka sami mulkin kai, da kuma Eko Hotel na 1977. Amma rairayin Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari babu shi yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic. Alhazanmu kuma sun san Jidda, sai dai kaɗan ne suke leƙa tsohon garin da ake kira Al-Balad, mai benaye na dutsen murjani da tagogin katako masu ƙananan huji, inda mace take ganin titi ba a ganinta. Shi ma ya shiga jerin UNESCO a 2014.

Wanda ya haɗa tarihi da teku sosai shi ne tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, ƙasar kanumfari, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne. Tsohon garinsu, mai matsattsun lunguna da manyan ƙofofi da aka sassaƙa aka ƙawata da tagulla, ya shiga jerin UNESCO a 2000. Nan ma tsofaffin gine-gine aka mai da masauki. Otel ɗin Serena yana cikin gidan da a da ake buga wayar tangaraho, Park Hyatt kuma, wanda aka buɗe a 2015, ya haɗa da wani gida mai suna Mambo Msiige wanda wani attajiri Balarabe ya gina a ƙarni na 19. Baƙo yana zaune a baranda yana kallon jiragen ruwa masu filafilai suna komowa da magariba.

Amma mu mata, da muka san nauyin tulu, akwai abin da ya kamata mu ji. A 2012 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Tourism Concern ta ba da rahoto cewa a wasu ƙauyukan gaɓar Zanzibar ɗaki ɗaya na babban otel yana iya cin ruwa fiye da lita 3,000 a yini, alhali kuwa gida guda na mutanen ƙauyen bai kai lita 100 ba. Ruwan wurin ninkaya, da na ban ruwan furanni, da na wanke tawul kullum, duk daga ƙasa ɗaya ake jawo su da rijiyar talaka. Ga kuma batun sutura. Baƙi sukan fito daga bakin ruwa su shiga gari kusan tsirara, har a 2021 gwamnatin tsibirin ta ce za ta riƙa cin tara. Kuɗin baƙi yana da daɗi, amma garin da bai shimfiɗa sharaɗinsa tun farko ba yakan sha wuya.

Mu Dawo Gida

Kano ba ta rasa abin nunawa ba. Ga ganuwa wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, ga Kasuwar Kurmi da Gidan Makama na zamanin Muhammadu Rumfa, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala. Hawan Sallah na Kano ma UNESCO ta karɓe shi cikin al'adun duniya a Disamba 2024, ko da yake tun rikicin sarautar da ya tashi a shekarar an sha dakatar da hawan, saboda haka mai niyyar zuwa kallo ta tambaya kafin a kama ɗaki. Amma ku duba inda manyan masaukan da aka fi sani suke, irin su Tahir Guest Palace da Prince da Bristol Palace. Duk a wajen ganuwa suke. Baƙo ya kwana a waje, ya shiga birni da mota ya yi awa biyu, ya fito. A cikin birni kuwa ana ta rushe soraye masu zanko ana kafa shaguna, ganuwa ma ana cinye ta kaɗan kaɗan. Ga shi kuwa mu ne jikokin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya da laka da azara, har masana gini na ƙasashen waje suke zuwa su auna bakan gizonsa.

Mu ma nan ƙasar Haɗeja ba a bar mu a baya ba. Auyo tsohon gari ne ƙwarai, har yarensa gare shi a da, Auyakanci, wanda yanzu ya ɓace babu mai yinsa. Haɗeja tana da fadarta da ƙofofinta da labarin yaƙin 1906, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya tsaya wa Turawa har ya rasa ransa. Teku ce dai ba mu da ita, amma muna da kogi da fadama. Kowace shekara da sanyi tsuntsaye sukan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, akwai kuwa Turawan da ba su da wani abin sha'awa sai kallon tsuntsu da madubin hange. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona a 1989 saboda su. A 2008 aka sa dausayin Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Yaran da ke korar tsuntsaye daga gonar shinkafa ba su san akwai mai biyan kuɗin jirgi don ya gan su ba.

Ba ina cewa gobe wani zai gina masaukin alfarma a Auyo ba ne. Kafin haka sai hanya ta gyaru, wuta ta zauna, hankalin matafiyi ya kwanta. Ba kuma zan zargi wanda ya bar ginin ƙasa ya koma na bulo ba, domin ni ma na ga ambaliyar 2020 da ta 2022, na ga yadda ɗakin ƙasa yake narkewa kamar gishiri in ruwa ya kwana biyu a gindinsa. Wadda ta kwana a makaranta da 'ya'yanta da tukwanenta, ba ta bukatar wata malama ta zo tana yi mata wa'azin kyan soro. Wanda yake kwari, ya gina abin da zai tsaya.

Abin da yake damuna shi ne wanda ake rushewa a kan tudu, ba don ruwa ba, sai don kada a ce gidan ya tsufa. Zauren Kakana yana da rufin azara da ginshiƙi a tsakiya, ko cikin watan bazara mutum yakan yi barcin rana a ciki har ya ja mayafi. Da ya rasu, kawunnaina suka ce abin kunya ne, suka rushe suka yi na bulo da kwano. Yanzu daga hantsi ba mai iya zama ciki, baƙon da ya zo sai a shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya. Maginin da ya san sirrin wancan rufi ya tsufa, 'ya'yansa kuma duk birkiloli ne. Mu mata muna da baki a wannan magana fiye da yadda muke zato, gama sau da yawa mu ne muke matsa wa maigida da cewa gidan wance ya fi namu. In an yi wa soro gindi da siminti, aka gyara indararo, aka yi masa yaɓe kafin damina, yana iya ganin jikokin jikoki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku sani wannan sana'a karatunta ake yi. A Kwalejin Fasaha ta Kaduna akwai sashen koyon girki da sarrafa masauki, ana ba da takardar shaida. Ana bukatar mai lissafi, da mai kula da ɗakuna, da mai dafa abinci, da mai jin harsuna. Wadda take sha'awa ta zauna da iyayenta ta yi musu bayani a tsanake, a bincika wane irin wuri ne kafin a ce i ko a'a, don gaskiyar Innar yarinyar nan tana nan, ba kowane gida mai allo a ƙofa ba ne wurin 'yar mutunci. Wadda ba za ta fita aiki ba ma tana da rabo, domin irin waɗannan masaukai su ne masu sayen tabarma da faifai da zanen saƙi da turaren wuta, in aikin ya yi kyau.

Ranar da muka yi wancan darasi na ba 'yan ajina aiki. Na ce kowace ta nemo ginin da ya fi tsufa a unguwarsu, ta zana shi, ta tambayi tsofaffi wa ya gina shi, da me aka yi rufinsa. Wadda ta ce otel wurin 'yan iska ne ita ta fi kowa ƙoƙari, ta zo da zanen rumbun Kakarta har da yawan azarar da ke ƙarƙashinsa. Ina roƙon masu karatu na Haɗeja da Kafin Hausa da Malam Madori da Kaugama da Birniwa da Guri da Kiri Kasamma su ma su yi haka, su rubuto mana labarin tsohon soro ko zaure na garinsu, da ko akwai sauran magini mai rai wanda ya iya gyaransa. Wasiƙun da suka iso za mu buga su a wannan fili, in Allah ya kai mu.